Yadda Ake Shirya Gwaji a Ilimin Halayyar Ɗan Adam, Mataki-Mataki

Duba kanun kundayen kammala digiri a tsangayoyin ilimi na jami'o'inmu da kwalejojin horar da malamai, za ka ga da yawansu alkawarin gano tasiri suke yi: tasirin wayar hannu a kan karatu, tasirin mutuwar aure a kan tarbiyyar yara, tasirin kaza a kan kaza. Kana buɗe babi na uku, na hanyar bincike, kuma sai ka tarar takardar tambayoyi kawai aka raba aka tattara. Takardar tambayoyi tana da ranarta, amma ba ta da ikon nuna cewa wani abu ne ya haifar da wani. Gwaji ke da wannan iko, shi ma sai an shirya shi da kyau.

Tun daga 1879, lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwajinsa a Jami'ar Leipzig ta Jamus, kayan aiki sun sha canzawa, amma ginshiƙin yana nan yadda yake. Ka juya abu guda da hannunka, ka auna abin da ya biyo baya, sannan ka toshe duk kafar da wani bayani na daban zai iya shigowa. Na farko da na biyu ba su cika wahala ba. Toshe kafofin nan shi ke cin lokaci, a nan ne kuma yawancin kundaye ke faɗuwa.

Za mu bi tambaya guda tun daga tushe: wanne ya fi zaunar da karatu a ka, maimaita karantawa, ko rufe takarda mutum ya yi ƙoƙarin kawowa daga ka? Duk wanda ya taɓa yin hadda yana da ra'ayi a kai. Ra'ayi daban, hujja daban. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Mataki na farko: tabbatar tambayarka ta gwaji ce

In kana son sanin yadda yara ke rabon abin wasa idan babu babba a kusa, gefe za ka zauna ka lura ka rubuta. In ra'ayin iyaye kake nema a kan bulala a makaranta, hira ko takardar tambayoyi ta isa. In lamari ne da ba kasafai ake samunsa ba, sai a zurfafa a kan mutum guda, kamar yadda aka yi fiye da shekara hamsin ana nazarin Henry Molaison, Ba'amurken da aka yi wa tiyatar ƙwaƙwalwa a 1953 saboda farfaɗiya, ya tashi ba ya iya riƙe sababbin abubuwan da ke faruwa da shi. Waɗannan hanyoyi duk suna gaya maka abin da ke akwai. Wasunsu ma suna nuna abubuwa biyu na tafiya tare.

Sai dai tafiya tare ba ta nufin ɗaya ne ya ja ɗaya. A watannin Maris da Afrilu cinikin ƙanƙara yana hauhawa a Kano da Sakkwato da Maraɗi, a wannan tsakanin ne kuma sanƙarau ke yawaita. Wanda ya zana jadawali zai ga layuka biyu suna hawa kafaɗa da kafaɗa, amma ƙanƙara ba ta da laifi. Bazara ce, da zafinta da ƙurarta da bushewar iskarta, ke tura su gaba ɗaya. Haka batun waya yake. Ka samu ɗaliban da suka fi daɗewa a kan waya sun fi faɗuwa jarrabawa, to wayar ce ta kayar da su, ko kuwa wanda karatu ya riga ya gagara ne ke fakewa da waya? Ko rashin mai sa ido a gida ne ya haifi duka biyun? Takardarka ba za ta raba wannan gardama ba.

Akwai kuma tambayoyin da ba a yarda a yi musu gwaji ba ko da ana iyawa. Ba wanda zai raba auren iyaye talatin don ya ga yadda 'ya'yansu za su kasance. A irin wannan, ka yi nazarin alaƙa, ka rubuta "alaƙa" a kan kundinka, babu abin kunya a ciki. Tambayarmu ta karatu kuwa ta cancanta, domin muna iya sa wasu su maimaita wasu su rufe takarda ba tare da an cuci kowa ba.

Mataki na biyu: ware abin juyawa da abin aunawa

Duk abin da ke iya bambanta daga mutum zuwa mutum, ko daga lokaci zuwa lokaci, abu ne mai sauyawa, wanda ɗalibai ke kira bariyabul: shekaru, maki, awannin barci, zafin ɗaki. A gwaji biyu ne a sahun gaba. Abin juyawa shi ne wanda kai mai bincike ka saita da kanka, kuma dole ya kasance yana da aƙalla fuska biyu, in ba haka ba babu abin kwatantawa. Abin aunawa shi ne wanda kake jira ka ga ko ya motsa.

Gwajin Elizabeth Loftus da John Palmer na 1974 a Jami'ar Washington ya fito da wannan sarai. Ɗalibai 45 suka kalli hotunan bidiyo na haɗarin mota, aka tambaye su gudun da motocin ke yi. Tambayar iri ɗaya ce ga kowa, fi'ili guda kawai aka riƙa canzawa. Waɗanda aka tambaya da kalma mai laushi, wadda ke nufin motocin sun taɓa juna, sun ƙiyasta wajen mil 32 a awa. Waɗanda aka tambaya da kalma mai zafi, wadda ke nufin sun ragargaje, sun ƙiyasta wajen mil 40. Fi'ilin shi ne abin juyawa, ƙiyasin gudun shi ne abin aunawa. Hoton kuwa bai canza ba.

A namu gwajin, abin juyawa shi ne salon bita, mai fuska biyu: sake karantawa, da kawowa daga ka. Abin aunawa shi ne yawan abin da aka tuna. Ka lura, jinsi ko shekaru ko yare ba abin juyawa na haƙiƙa ba ne, tunda da su mutum ya zo, ba kai ka ba shi ba. Kana iya kwatanta maza da mata, amma in ka ga bambanci ba za ka ce jinsin ne ya jawo ba, don tarbiyya da aikin gida da lokacin karatu duk suna tafe tare da shi.

Kafin ka ga ɗalibi ko ɗaya, rubuta hasashenka da biro, ka sa kwanan wata, ka nuna wa malamin da ke duba aikinka: ɗaliban da suka kawo daga ka za su fi waɗanda suka sake karantawa maki a jarrabawar da za a yi bayan mako guda. Ƙarƙashinsa ka rubuta kishiyarsa, wato hasashen babu bambanci, wanda shi lissafi zai yi ƙoƙarin rushewa daga baya.

Mataki na uku: mai da kalmomi abin ƙirgawa

"Fahimta", "ƙwazo", "damuwa", babu wadda ake ɗorawa a sikeli. Sai ka faɗi ainihin abin da za ka yi da abin da za ka ƙirga, dalla-dalla, yadda wani a Zariya zai karanta ya maimaita ba tare da ya kira ka a waya ba. Misali: nassi mai kalma 300 wanda ka riga ka rarraba shi zuwa ma'anoni 30. Kowa zai karanta shi na minti bakwai. Daga nan rukuni guda ya sake karantawa na minti bakwai, ɗaya rukunin a karɓe takardar a ba shi farar takarda ya rubuta duk abin da ya tuna cikin minti bakwai. Bayan mako guda kowa ya rubuta abin da ya tuna, maki ɗaya ga kowace ma'ana.

Me ya sa mako guda? Saboda lokacin aunawa kaɗai yana iya kifar da sakamakon. Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun yi kusan wannan gwajin a 2006 da ɗaliban jami'a a Amurka. Da aka auna bayan minti biyar, sake karantawa ce ta yi nasara, kashi 81 cikin ɗari a kan 75. Da aka auna bayan mako guda sai reshe ya juye da mujiya: kawowa daga ka ta ba da kashi 56, sake karantawa ta sauko 42. Da sun tsaya a minti biyar da sun ba ɗalibai shawarar da za ta cuce su ranar jarrabawa. Don haka ka tambayi kanka tun yanzu wane irin tunawa ne ya dame ka, na yanzu-yanzu ko na ƙarshen zango.

Ma'auninka yana da sharuɗɗa biyu. Na farko, ya auna abin da ka ce yana aunawa. In nassin da Turanci mai tsauri ka kawo shi ga 'yan aji biyu na babbar sakandare a makarantar ƙauye, ƙarfin Turancinsu ka auna, tunawa kuwa ta ɓuya a baya. Na biyu, ya ba da amsa iri ɗaya in an sake. Ba wa mutum biyu takardun amsa su yi maki kowa shi kaɗai, ka kwatanta. In suna yawan saɓawa, jagorar makinka ce ba ta fito fili ba, sai ka koma ka gyara ta. Ka kuma guji aikin da ya yi sauƙi har kowa ya cinye, ko ya yi wuya har kowa ya tashi da sifiri, domin a hali biyun bambanci ba shi da wurin fitowa.

Wanda zai yi aro da ma'aunin da aka tsara a ƙasar waje, na damuwa ko na yarda da kai, kada ya fassara shi a daren da zai raba. Wani ya juya shi zuwa Hausa, wani daban da bai ga na asali ba ya mai da shi harshen farko, sannan a zauna a ga inda ma'ana ta zame. Mutanenmu sukan faɗi damuwarsu ta jiki, ciwon kai, faɗuwar gaba, rashin barci, mutuwar jiki. Ma'aunin da ba ya tambayar waɗannan zai iya wuce mai damuwa bai gan shi ba.

Mataki na huɗu: farautar 'yan kutse

A nan za ka daɗe. Abubuwan gefe iri biyu ne, kuma haɗarinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wanda ke damun kowa ba tare da zaɓe ba, kamar ƙarar janareta ko wani ya kwana bai yi barci ba. Wannan hayaniya ce kawai, tana dusashe bambanci amma ba ta ƙirƙiro na ƙarya. Akwai kuma ɗan kutse, wanda ya manne wa rukuni guda ya bar ɗayan, yana tafiya ƙafa da ƙafa da abin juyawarka. Wannan shi ke kashe gwaji, don in ka ga bambanci ba ka da hanyar sanin na wane ne. Mai girkin da ta ƙara gishiri, ta canza daddawa, ta kuma rage wuta a tukunya guda, in miyar ta yi daɗi ba ta san wanda za ta gode wa ba.

Ga yadda abin ke faruwa. Ka je makaranta, shugaban makaranta ya ce ga aji A da safe, ga aji B bayan azahar. Ka sa A su kawo daga ka, B su sake karantawa. A suka yi fintinkau. Murna ta kama ka, sai mai jarrabawar waje ya tambaya: ba ajin kimiyya ne A ba, inda aka tara masu ƙoƙari? Ba da sanyin safiya suka yi nasu ba, B kuwa cikin zafi da yunwa? Ba ka da amsa, kuma babu lissafin da zai ceto ka, domin ɓarnar tun ran gini aka yi ta.

Don haka ka zauna da takarda ka bi gwajin a zuci tun daga ƙofar aji, kana tambaya a kowane taku: ban da salon bita, me kuma ya bambanta tsakanin rukunan nan? Lokaci ɗaya za su yi, ɗakuna masu kama da juna, kada wannan na da fanka wancan babu. Umarnin a rubuce yake, kalma ɗaya ake karanta wa kowa. Mintunan daidai suke, don in masu kawowa daga ka sun samu minti goma sha biyar, wataƙila ƙarin lokacin ne ya yi aiki. Akwai mahaddata a cikinsu? Yaron da ya shekara biyar yana tilawa ya riga ya saba da kawowa daga ka, in irinsa suka taru a gefe guda sun karkatar da sikelin. Watan azumi ne? In ya zama dole a yi a cikinsa, to a yi wa kowa a sa'a guda.

Akwai 'yan kutsen da sai an watse suke shigowa. Cikin makon jira ɗalibai za su yi hira, musamman a makarantar kwana, saboda haka ka tattara kowace takardar nassi ka ƙirga ta kafin kowa ya fita, kada kuma nassin ya zama daga littafin da ke cikin jakarsu. Ranar dawowa ma wasu ba za su zo ba. In ranar ta faɗo a kan kasuwar garin, waɗanda ke taya iyayensu ciniki ne za su ɓace, ba kowa da kowa ba. Rubuta adadin waɗanda suka ɓace a kowane rukuni, ka faɗe shi a kundinka.

Kulawa ita ma ɗan kutse ce. A masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric kusa da Chicago, inda aka yi jerin bincike daga 1924 zuwa 1932, an ba da rahoton cewa aiki na ƙaruwa ko an ƙara hasken fitila ko an rage, aka fassara shi da cewa ma'aikata sun san ana kallonsu. Masu bincike na baya da suka sake duba alƙaluman sun ce an zuzuta labarin, kuma da gaskiyarsu. Duk da haka gargaɗin na da amfani: kada ka tsaya kana fara'a da rukunin gwaji, masu kawowa daga ka, ka bar rukunin kwatance, masu sake karantawa, da monita. Duk abin da wannan ya samu, wancan ma ya samu, in ban da abu gudan da kake juyawa.

Mataki na biyar: rabo ta ƙuri'a

Komai ƙoƙarinka ba za ka lissafo duk bambance-bambancen da ke tsakanin mutane ba. Maganin waɗanda ba ka sani ba shi ne ƙuri'a, dabarar da Ronald Fisher ya kafa lokacin da yake aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila daga 1919, inda ake raba taki a kan filaye. Rubuta lambar kowane ɗalibi a guntuwar takarda, ka nannaɗe, ka zuba a hula, ka girgiza. Ta farko rukunin gwaji, ta biyu rukunin kwatance, haka har su ƙare. Mahaddata da masu ƙoƙari da masu barci a aji za su watsu gefe biyu ba tare da son ranka ya shiga ba. Kada ka ce wanda ke so ya ɗaga hannu, kada ka raba 'yan gaba da 'yan baya, kada kuma malamin aji ya zaɓa maka.

Ana yawan cuɗa wannan da ɗibar mutane ta ƙuri'a daga cikin jama'a, alhali aikinsu daban. Ƙuri'ar ɗiba tana ba ka damar cewa sakamakonka ya shafi sauran jama'ar da aka ɗibo daga cikinsu. Ƙuri'ar rabo tana ba ka damar cewa abin juyawa ne sanadi. Gwaji na iya rayuwa ba ta farko, amma ba ya cika ba ta biyu.

In makaranta ta ƙi a wargaza mata azuzuwa, wanda yakan faru, to ka yi da azuzuwan yadda suke, amma ka kira aikin da sunansa, wato mai kama da gwaji. Yi musu jarrabawar farko kafin ka taɓa komai don ka ga inda kowane aji ya tsaya, in da hali ka ɗauki azuzuwa fiye da biyu, ka kuma sassauta harshe wajen bayyana sakamako.

Akwai wata hanya: kowane ɗalibi ya ɗanɗana fuska biyun, ya zama shi ne abin kwatanta kansa. Haka ake yin gwajin da John Ridley Stroop ya shahara da shi tun 1935, wanda kana iya gwadawa yau da alƙaluma masu launi: rubuta "ja" da koren tawada, "shuɗi" da jar tawada, ka ce mutum ya faɗi launin tawadar, ka ga yadda harshensa ke sarƙewa idan aka kwatanta da faɗin launin ɗigo kawai. Wannan tsari yana buƙatar mutane kaɗan, amma yana da nasa ɗan kutsen, wato jeri. Abin da aka yi na biyu yana cin gajiyar sabo ko ya sha wahalar gajiya. Sai ka tanadi nassi biyu masu nauyi ɗaya, rabi su fara da sake karantawa, rabi su fara da kawowa daga ka, nassosin ma a juya su haka.

Hanya ta uku ita ce haɗa masu kama da juna kafin ƙuri'a. Albert Bandura ya yi haka a 1961 da yara 72 a Stanford: an fara auna yawan faɗan kowane yaro, aka haɗa masu kama, sannan aka rarraba su. Kai ma kana iya jera ɗalibai bisa makin zangon da ya wuce, ka ɗauke su bibbiyu, ka jefa kwabo a kan kowane biyu.

Mutum nawa? Talatin a kowane rukuni da ake yawan faɗa al'ada ce kawai. In bambancin da kake nema ƙarami ne, talatin ba za su nuna shi ba. Manhajar G*Power kyauta ce, tana lissafa maka adadin.

Mataki na shida: tsare gwajin daga kanka

A farkon ƙarni na ashirin an yi wani doki a Berlin mai suna Hans, wanda ake tambaya lissafi ya buga ƙafa daidai adadin amsar. Oskar Pfungst ya bincika, ya fitar da rahoto a 1907: in mai tambaya bai san amsar ba, ko dokin ba ya ganinsa, lissafin sai ya rushe. Ɗan motsin kai da jikin mai tambaya dokin ke karantawa, su kuwa masu tambayar ba su ma san suna yi ba. A 1963 Robert Rosenthal da Kermit Fode suka ba ɗalibai ɓeraye iri ɗaya, aka ce wa wasu nasu haziƙai ne, wasu kuma dolaye. Ɓerayen da aka yi wa laƙabin haziƙai suka fi saurin koyon hanya.

In doki da ɓera na amsa tsammanin mutum, ina ga ɗalibin da aka tarbiyyantar a kan faranta wa malam da baƙo? Mu da ake tambayarmu jiki muna kwance mu ce da sauƙi. Kada ka gaya musu salon da kake zaton ya fi. In da hali, wanda zai karanta umarni ya zama bai san hasashenka ba. Takardun amsa kuwa lamba za su ɗauka, ba suna ba, ba alamar rukuni ba, a cakuɗa su kafin a miƙa wa mai maki. Kai da kanka kada ka yi makin, domin amsar da ke tsakanin daidai da kuskure za ta riƙa faɗawa inda zuciyarka ke so.

Mataki na bakwai: izini da share fage

Gwajin biyayya na Stanley Milgram a Yale, inda mutum 26 cikin 40 suka bi umarni har suka kai maɓallin wutar lantarki mai bolt 450 suna zaton wani suke ganawa azaba, yana cikin abubuwan da suka sa aka tsaurara ƙa'idojin bincike a kan mutane. Naka bai kai nan ba, amma ƙa'idar ɗaya ce. Nemi amincewar sashenka, da ta makaranta, da ta iyaye ga wanda bai kai sha takwas ba. Gaya wa ɗalibai cewa makin ba zai shiga sakamakon zango ba, kuma wanda ya ga dama ya fita. Ka faɗi wannan bayan malaminsu ya bar ajin, don ba yaron da zai ce a'a a gabansa. In an gama ka bayyana musu abin da aka gwada, ka koya wa duka rukunan salon da ya fi.

Kafin ranar, gwada komai a kan mutum biyar ko shida da ba za su shiga ainihin gwajin ba. A nan za ka gano minti bakwai ya yi kaɗan, ko wata kalma a umarnin tana da ma'ana biyu.

Mataki na takwas: lissafi da rubutu

Fara da kallon makin da idonka kafin ka buɗe manhajar lissafi ta SPSS: matsakaicin kowane rukuni, yadda makin ya warwatsu, ko akwai wanda ya miƙa farar takarda. Rukuni biyu masu zaman kansu gwajin t, wato lissafin kwatanta matsakaicin maki biyu, na rukunai daban ake yi musu. In mutane ɗaya ne suka yi fuska biyu, na bibbiyu.

Lambar p da ake ta tsoro tambaya guda take amsawa. Fisher ya ba da misali a littafinsa na 1935 da wata mata da ta ce tana gane wanne aka fara zubawa a kofi, madara ko shayi. Kofi takwas, huɗu kowane iri, an jera su ta ƙuri'a. Hanyoyin zaɓar huɗu daga takwas 70 ne, don haka mai cinke kawai sau ɗaya cikin 70 zai dace da duka. Haka p take: a ce salon bita ba ya yin komai, sau nawa sa'a kaɗai za ta ba da rata mai girman wadda ka gani ko fiye? In ƙasa da 0.05 ne, an saba a ce a ajiye hasashen babu bambanci. Ba ta ce ratar na da girma ba, ba ta kuma wanke gwajin da ɗan kutse ya shiga ba. Don haka ka faɗi girman ratar da maki: ma'ana nawa cikin 30 rukuni ya fi rukuni.

In ba ka samu bambanci ba, rubuta hakan. Kada ka cire ɗalibai uku, ko ka canza jagorar maki, har p ta sauko. A 2015 wata gamayyar masu bincike ta sake gwaje-gwaje 100 da aka buga a manyan mujallun fannin. A na asali 97 sun ba da sakamako mai ƙarfi ta fuskar lissafi, a maimaicin kuwa kashi 36 cikin ɗari kawai. Ƙananan rukunai da irin wannan gyare-gyaren bayan fage suna cikin dalilan da aka fi ambata.

Wajen kammalawa ka tsaya iya inda hujjarka ta kai: ɗalibai kaza, a makaranta guda, da nassi guda, bayan mako guda. Wani nazari da Jeffrey Arnett ya buga a 2008 ya nuna kashi 68 cikin ɗari na mutanen da aka yi bincike a kansu a wasu manyan mujallun fannin daga Amurka suke. Ke nan maimaita sanannen gwaji da yaran da Hausa ce harshensu, cikin tsari mai tsafta, aiki ne da ya isa kundi. In ka gama wannan kana neman na digiri na biyu, ƙara abin juyawa na biyu: nassin Hausa da na Turanci. Rukunai sun zama huɗu ke nan, kowane salon bita da kowane harshe, kuma adadin ɗaliban da kake buƙata zai ƙaru, sai ka koma wa G*Power kafin ka nemi makaranta.